Na Ce "Sorry", An Ce Na Amsa Laifi

Wasiƙar wannan makon daga Ingila ta zo, daga wata ƙanwarmu da ta roƙi a sakaya sunanta. Na rage mata tsawo, amma maganarta ce.

"Anti, ina gaisuwa. Wata tara ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila. Makon jiya wata tsohuwa da nake kula da ita ta miƙe daga kujera ba ta jira ni ba, ta zame ta faɗi, ta bugu a ƙugu. Ina bakin ƙofa riƙe da tiren shayi. Na dire shi na ruga ina cewa 'Sorry! Sorry! Sorry, mama!' Ashe 'yarta tana shigowa. Ta kai ƙara wai da kunnenta ta ji ina amsa laifi har sau uku. Manaja ta kira ni, na yi bayani har da kuka, na ce mata an zalunce ni. Sai ta ce, 'I'm sorry you feel that way.' Na ɗauka haƙuri ta ba ni, magana ta mutu, har na faɗa wa maigidana haka. Jiya sai ga takarda wai in zo zama ranar Alhamis a kan faɗuwar. Bizata da wurin aikin nan take ɗaure. Maigidana ya ce daga yau ko mutum zai mutu a gabana in kama bakina. Anti, ni na ce sorry an ce na amsa laifi, ita ta ce sorry kuma ashe ba haƙuri ta ba ni ba. Wariya ce, ko ni ce ban iya Turanci ba? Digiri gare ni, kuma da Turanci na yi shi."

Ƙanwata, sannu.

Da gangan na fara da wannan kalmar, domin ita ce kika faɗa wa tsohuwar nan sau uku, riga kawai kika sa mata ta Turanci. Ba ni na jawo miki wannan tashin hankalin ba, ko garin da kike ban taɓa takawa ba, amma na ce miki sannu, kuma ba za ki je ki ce Anti ta amsa laifi ba. Kunnenki ya san wannan kalma tun kina goye. Kunnen 'yar tsohuwar bai san ta ba, wani abu daban ya ji.

Abin ya tuna min da wata malamarmu Baturiya, lokacin ina aji biyu a sakandaren kwana ta 'yan mata. Lissafi take koya mana. Wata rana da safe ta shigo rungume da littattafanmu da ta duba, kwalin alli a kansu, ƙafarta ta harɗe da bakin dakalin da ke gaban allo. Ta tafi luu, littattafai suka watse har ƙarƙashin bencina, alli ya kakkarye. Mu wajen arba'in muka haɗa baki kamar an kaɗa mana ƙararrawa: "Sorry, Miss!" Ta miƙe, fuskar nan ta yi jawur, ta karkaɗe siket ɗinta, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaya wace ce ta sa mata abu a hanya. Muka yi tsuru-tsuru. Ta ce in babu wadda ta yi komai, me ya sa dukanmu muke neman gafara? Ranar da fushi ta koyar da darasin, mu kuma muka fita muna cewa matar nan ba ta da kirki, an yi mata sannu tana neman wanda za ta hukunta. Sai da wata malama Bahaushiya ta zaunar da ita a ɗakin malamai ta warware mata. Kafin ta bar ƙasar, ita ma in yarinya ta yi tuntuɓe a gabanta sai ki ji ta ce sorry.

Saboda haka cire maganar rashin iya Turanci daga ranki. Turancin da kika yi daidai ne a Kano, daidai ne a Legas, daidai ne a Inugu. Mu muna da sannu, Yarabawa suna da "pele", Ibo suna da "ndo", masu Suwahili a gabashin Afirka suna da "pole". Duk kalmomi ne da ake faɗa wa wanda wani abu ya sama, ko da mai faɗin ba shi da hannu a ciki. Da Turanci ya zo mana, muka duba cikinsa muka rasa kalma guda da za ta ɗauki wannan kayan, sai muka ɗora wa sorry. Abin dariyar ma shi ne mun fi masu harshen kusa da asalinta. A tsohon Turanci, shekara sama da dubu da ta wuce, kalmar "sarig" ce, daga "sar", wadda ita ce ta zama "sore" ta yau, wato ciwo ko miki. Wanda yake sorry a wancan zamani shi ne wanda abu yake yi wa ciwo a rai. Neman gafara daga baya ya shigo, ya zauna, har ya zama kamar shi ne mai gidan.

Amma a Ingila kike aiki, kuma kunnen mutanen can ne zai zauna ya saurare ki ranar Alhamis. Don haka bari mu bi kalmar yadda su suke juya ta.

Gobe in kin hau bas ki kasa kunne. Wani zai taka ƙafar wani, wanda ya yi takun ya ce sorry, wanda aka taka shi ma ya ce sorry. Na biyun ba laifi yake amsawa ba, cewa yake ba komai, ban riƙe ka ba, kowa ya kama gabansa. A kanti wata za ta so ta ratsa ta gefenki ta ce sorry, wannan "gafara dai" ce, irin ta mai tura baro a cikin kasuwa, sai dai ita ba ta ɗaga murya. Kin yi magana ba a ji ba, sai a ce miki "Sorry?" murya ta ɗan hau a ƙarshe, wato "na'am?" Kin isa wani ofis a makare, mai karɓar baƙi ta ce "Sorry, we're closed." Ita wannan ba ta nadamar komai, ƙofa ce ta rufe miki cikin lallami, kamar yadda ake sallamar almajiri da "Allah ya ba da haƙuri" in tukunya ta ƙare. In kuwa a wurin taro kika ji an fara da "I'm sorry, but", to gyara zama, musu ne ke tafe, kuma mai maganar ba shi da niyyar ja da baya ko taku ɗaya. "You'll be sorry" barazana ce tsirararta, za ka gane kurenka. In aka ce gida yana cikin "a sorry state", an ce ya lalace ya zama abin tausayi. Akwai kuma "I feel sorry for you", wadda nake roƙon ki kada ki taɓa faɗa wa tsofaffin da kike kula da su. A wurinki "ina tausaya miki" ce, a wurinsu sau da yawa akwai ƙanshin raini a ciki, kamar kin ce sun zama abin a-taimaka.

Kada ki ce wannan wane irin harshe ne mara kan gado. Dubi namu haƙurin. Na taka ki, "yi haƙuri." An yi miki rasuwa, "ya muka ji da haƙuri?" Kin zo karɓar bashinki ba ni da shi, "sai dai ki yi haƙuri." Kin kawo ƙarar miji gida, "ki koma ɗakinki ki yi haƙuri." Baƙon da ya koyi Hausa a littafi, ya riƙe cewa "yi haƙuri" neman gafara ce, in ya je gidan makoki ya ji kowa yana ba mai gida haƙuri, ai sai ya ɗauka duk unguwar ce ta taru ta kashe mamacin. Mu ba ma ruɗewa domin muna jin wuri, muna jin murya, muna jin abin da ya biyo baya. Su ma haka suke yi da sorry.

Abin da ya biyo bayan kalmar shi ne mabuɗin. In mutum ya ce "I'm sorry I dropped it", ya sa kansa a cikin aikin, ya ɗauki laifi. In ya ce "I'm sorry to hear that", jaje ne. In ya ce "I'm sorry for your loss", ta'aziyya ce, kuma ba mai cewa shi ya yi kisan. Kin ga ke nan su ma suna da sannunsu, sai dai ba sa sakin ta ita kaɗai, sai sun ɗaura mata jela. Sorry tsura, babu komai a bayanta, a daidai lokacin da abu ya faru, daga bakin wanda ya fi kowa kusa da wurin, kunnen mutumin Ingila neman gafara yake fara kai ta. Ke kuma kin haɗa duka: kin faɗe ta tsura, kin maimaita sau uku cikin firgici, kina sanye da rigar aiki, kuma ke ce mai kula da matar a wannan safiya. Da abokiyar aikinki 'yar ƙasar ce a bakin ƙofar nan, abin da za ta ce shi ne "Oh no, are you all right?" ko "Don't move, I'm here." Zuciya ɗaya ce da taki, kalmomin ne suka bambanta.

Yanzu maganar manaja, wadda ita ce ta fi ba ni haushi a wasiƙarki, don ta sa kin kwana biyu kina barci da sakin jiki alhali ba a gama ba. Sake duba jimlar: "I'm sorry you feel that way." Wa ya biyo bayan sorry? Ke. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta ce an yi miki ba daidai ba. Cewa ta yi bai yi mata daɗi ba da kike jin abin da kike ji. Matsalar, a yadda ta tsara maganar, a ranki take, ba a abin da aka yi ba. Kin san irin haƙurin da kishiya ke bayarwa a gaban maigida: "To, in ranki ne ya ɓaci, Allah ya ba ki haƙuri." Kowa a tsakar gidan ya san ba a ba da komai ba. Turawan kansu sun san wannan jimla sarai, suna yi mata kallon ba da haƙurin da babu haƙuri a ciki, haka ma ƙanwarta "I'm sorry if you were offended." In Bature yana nufin ya ɗauki laifi da gaske, za ki ji "I was wrong", ko "It was my fault", ko "I apologise for" sannan ya ambaci abin da ya yi da bakinsa.

Ban ce manajarki muguwa ba ce. Wadda aka kawo wa ƙara, kuma ta san za a yi bincike, ba za ta ce miki "kin yi gaskiya" tun kafin a zauna ba. Ta nemi kalmar da za ta rarrashe ki ba tare da ta ɗaure kanta ba, ta kuma samu. Wannan aiki ne da sorry ta daɗe tana yi wa manya. A ranar 1 ga Afrilun 2001 wani jirgin leƙen asiri na sojan ruwan Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin China a sama, matuƙin China mai suna Wang Wei ya halaka, jirgin Amurka kuma ya sauka a tsibirin Hainan ba tare da izini ba. China ta riƙe ma'aikatan jirgin su 24, ta ce sai an nemi gafara. Gwamnatin George W. Bush ta ce ba ta yi laifin da za ta nemi gafara ba. Aka yi kwana 11 ana ja-in-ja. Daga ƙarshe jakadan Amurka a Beijing, Joseph Prueher, ya miƙa wasiƙa mai ɗauke da "very sorry" sau biyu, ɗaya a kan rasuwar matuƙin, ɗaya a kan shiga sararin samaniyar China da sauka ba da izinin baka ba. China ta faɗa wa mutanenta Amurka ta ba da haƙuri, Amurka ta faɗa wa nata jaje kawai ta yi, aka saki mutanen. Abin da ya faru a ɗakin tsohuwar nan ke nan, sai dai su da gangan suka yi, ke kuwa faɗa miki ya yi.

Ga abin da zai ɗan kwantar miki da hankali. Dokar ƙasar da kike ciki ta san da wannan ruɗani. Sashe na 2 na dokar diyya ta 2006, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ya ce ba da haƙuri shi kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci. Scotland ta yi tata dokar a 2016, lardin Ontario na Kanada ya yi tasa tun 2009. An yi su ne domin likitoci da ma'aikata sun koma tsoron buɗe baki su jajanta wa wanda abu ya sama, kada a kai su kotu da kalmarsu. Bugu da ƙari, tun Afrilun 2015 duk gidan kula da tsofaffi da ke da rajista da CQC, hukumar da ke sa ido a kan irin wuraren aikinku, wajibi ne a kansa in wani mummunan abu ya sami wanda ake kulawa da shi har ya ji rauni mai nauyi, ya faɗa masa ko iyalinsa gaskiyar abin da ya faru, ya kuma ba su haƙuri. Wato manajarki da kanta za ta iya samun kanta tana ce wa 'yar tsohuwar sorry a rubuce, ba kuma wanda zai ce ita ta tura matar. Sai dai ki lura, waccan dokar ta 2006 maganar ƙarar diyya a kotu take yi. Zaman ranar Alhamis na cikin gida ne, kuma abin da zai fitar da ke a can shi ne bayanin abin da ya faru dalla-dalla.

Kuma ki sani, ko da ba ki ce uffan ba ranar, da an yi bincike. Tsohuwa ta faɗi ta bugu a ƙugu, a irin wannan gida ba abin da ake shafawa a wuce ba ne, domin karayar ƙugu a wannan shekaru tana iya zama ajali. Takardar da kika samu ba hukunci ba ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ɗauki biro. Rubuta ƙarfe nawa ne, ina kike tsaye, me ke hannunki, wa ya aike ki ɗauko shayin, ku nawa ne a bakin aiki a wannan sashe, tsofaffi nawa ne a hannunki. Ina sandar tafiyarta ko keken da take dafawa yake lokacin da kika fita? Ƙararrawar kira tana kusa da hannunta? Me takardar tsarin kula da ita ta ce, ana barin ta ita kaɗai a zaune ko ba a bari? Bayan ta faɗi me kika yi, wa kika kira, kin ɗaga ta ko kin bar ta har mai duba ta ya zo, kin cike fom ɗin rahoto? Waɗannan su ne tambayoyin da za a yi miki. Wadda ta shigo da amsoshinsu a rubuce, da lokaci da komai, ba a kallon ta kamar wadda ta shigo da hawaye kawai.

A nan zan faɗa miki abin da ƙila ba ki so ji ba. Yayin da kike rubutun, tambayi kanki tsakaninki da Allah ko akwai wani abu da ya kamata ki yi ba ki yi ba. In kin bar keken dafawar nesa da ita, ko kin san ba a barin ta ita kaɗai kika fita don an matsa miki da wani aiki, faɗi haka da bakinki, ki faɗi dalilin. Kada ki ɓuya a bayan maganar sannu. Ƙaramin kuskuren da mutum ya faɗa da kansa, sau da yawa ƙarin horo ko gargaɗi yake jawowa. Wanda aka ɓoye aka gano daga baya shi ke cin aiki. In kuwa babu, to babu, kada tsoro ko kunyar manya ta sa ki karɓi abin da ba naki ba. Na san tarbiyyarmu: babba yana faɗa, kai ƙasa, "a yi haƙuri, ba za a sake ba", ko da ba ka san me ka yi ba. A gida wannan ladabi ne, yana kashe wuta. A ɗakin nan akwai mai rubuta duk abin da kika ce, kuma "ba za a sake ba" a takarda tana nufin an yi.

Sake karanta takardar gayyatar da kyau ki ga wane irin zama ne. In na bincike ne, ana tattara bayani ne kawai. In na ladabtarwa ne, doka ta ba ki damar zuwa da abokiyar aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, kuma ya kamata a nuna miki abin da ake tuhumarki da shi tun kafin ranar. Ko na binciken ne, ki roƙa a bar ki ki zo da wani, ba laifi ba ne tambaya. In kina cikin ƙungiya irin UNISON ko GMB, kira su gobe da safe. In ba kya ciki, akwai ACAS, hukumar da ke ba ma'aikata da masu ɗaukar aiki shawara kyauta ta waya, akwai kuma Citizens Advice, musamman a kan abin da ya shafi bizarki. In an gama zaman aka miƙo miki abin da aka rubuta, karanta shi a tsanake. Duk inda aka sa miki maganar da ba ki yi ba, ki ce a gyara kafin ki sa hannu, ki kuma nemi kwafinki.

Idan aka zo kan kalmar, kada ki yi dogon tarihi, kada ki kawo musu Hainan. Jimla uku sun isa, ki haddace su: "When I said sorry, I was showing sympathy. Where I come from, we say it to anyone who is hurt. I was not saying I caused the fall." Ki faɗa a hankali, kina kallon mai tambayar. Na san kallon babba cikin ido ba ɗabi'armu ba ce, amma a can sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya suke ɗaukar sa. Kuma ki yi wa bakinki linzami kada ki buɗe zaman da "Sorry, ma." In akwai wata 'yar Najeriya ko 'yar Ghana a wurin aikin da ta daɗe, ambaci cewa za a iya tambayar ta yadda ake amfani da kalmar. Mai yiwuwa ma manajar ta sha jin haka daga bakin wasu.

Kin tambaye ni ko wariya ce. Wariya tana nan a ƙasar, ba zan ce miki babu ba, kuma ma'aikatan da bizarsu ke hannun mai gidan aiki sun fi kowa saurin haɗiye abin da bai kamata su haɗiye ba. Amma abin da kika ba ni labari, kalmar kaɗai ta isa ta haifar da shi. Sa kanki a wurin matar nan. Ta buɗe ƙofa ta ga mahaifiyarta a ƙasa, ga ma'aikaciya durƙushe tana ta neman gafara, a yadda kunnenta ya ji. Wataƙila ma da ma tana fama da ranta a kan kawo uwar tata gidan da ta yi. Mai irin wannan nauyin a zuciya neman inda zai sauke shi yake. Inda za ki sa ido shi ne nan gaba. In kin ga wasu sun sami irin wannan faɗuwar a hannunsu an wuce da cike fom kawai, ke kuma an tsananta, ko kin yi bayanin nan an ƙi ko rubuta shi, to wannan wata magana ce, ki ajiye kwanan wata da abin da aka ce, ki kai wa waɗanda na ambata.

Shi kuma maigidanki, ki gaishe min da shi, ki ce Anti ta ce tsoro ne ya yi magana da bakinsa, kuma tsoron yana da dalili, tunda zaman gidanku duka a kan wannan aikin yake. Amma shawararsa ba za ta fisshe ki ba. Ma'aikaciyar da tsohuwa za ta faɗi a gabanta ta tsaya ƙiƙam ba ta ce komai ba, ita ce za a fi zargi, kuma da gaskiyar masu zargin. Abin da ya sa kika dire tiren nan kika ruga, shi ne abin da ya sa kika dace da aikin. Kalmomin kawai za ki sauya. Wani ya faɗi ko ya buge: "Are you all right?" Wani yana jin ciwo: "That must hurt, let me help you." An ba ki labari mara daɗi: "I'm so sorry to hear that", da jelarta. Wani ya yi atishawa: "Bless you." Ki riƙa maimaita su a kicin kina girki har su zauna a harshenki, domin a lokacin firgici abin da ya riga ya zauna shi ke fita. 

Wani ɗan abu kuma: "mama" ɗin nan. Na san bakinki ba zai iya kiran sa'ar kakarki da sunanta gatsau ba, ni ma har gobe ba na iyawa. Amma a can wasu iyalan ba sa so, 'yar tana iya jin kamar an shigar mata gona. Tambayi tsohuwar da kanta yadda take so a kira ta, ki bi abin da ta ce.

Kada ki nemi 'yar ki yi mata bayani ke kaɗai a farfajiya ko wurin ajiye motoci, komai kyan niyyarki, kafin a gama binciken. In an gama, ki roƙi manaja ta haɗa ku ko ta isar mata da bayaninki. Ita kuwa tsohuwar, in ba a hana ki shiga wurinta ba, ki shiga gobe kamar kullum, ki tambaye ta ya ƙugun, ki matso mata da keken dafawar kusa da hannunta kafin ki fita ɗauko shayi. Ki rubuto min bayan Alhamis in ji yadda aka ƙare.